Rigar Da Wuta Ba Ta Ci

Ku yaran yanzu gani kuke sana'ar gwanjo ba ta wuce a yanka igiya dila ta fashe ba, a rataye kaya, a sami benci a zauna ana latsa waya har Allah ya kawo mai saye. Ni Garba, wanda mutanen kasuwar Gusau suka laƙaba wa Garba Reza, na shiga sana'ar nan tun gashin baki bai tsiro mini ba, yau ga furfura har a gira, kuma har gobe dila tana iya ba ni kunya. Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, ba za su gudu ba.

Aikin farko da maigidana Alhaji Ɗanjumma, Allah ya jiƙansa, ya ba ni ba tsaron rumfa ba ne, ba kuma kiran masu saye ba. Reza ya miƙo mini, ya nuna mini bayan rumfa inda aka tula kayan makaranta da na ma'aikata, ya ce duk rigar da na ga suna a jikinta in farke shi. Kayan ƙasashen waje da yawa haka suke zuwa, da sunan mai su ɗinke a ƙirji ko a bayan wuya. Na ce masa ai rubutun ma ado ne. Ya dube ni kamar na zubar masa da fura.

"Yaro," ya ce, "mu ba riga muka saidawa ba, mantuwa muka saidawa. Riga in tana tune da mai ita, ba ta shiga jikin wani. Riga mai suna ba ta sayuwa, ka riƙe wanga."

Gaskiyarsa ce. Dama mutane suna cewa gwanjo kayan matattu ne. Mutum zai sa riga ya je ɗaurin aure yana taƙama muddin bai san wanda ya riga shi sa ta ba. Amma da ya ga suna a ƙirji sai ya fara tambayar ko Baturen yana raye, in ya mutu me ya kashe shi, daga nan ciniki ya watse. Saboda haka ake farke suna. Ba kuma a kan shara ake jefa shi ba. Alhaji cewa yake suna ba abin takawa ba ne ko da na wanda ba ka sani ba, don haka cikin wutar dutsen guga muke sa su, su zama toka. Ba na karanta su ma, tun da farko bokona bai taka kara ya karya ba.

Farke suna yana da ladabinsa. Ta bayan yadi ake shiga, reza ta bi ƙarƙashin zare, kada ta taɓa riga. In zare ya fita sai ka jiƙa farcen babban yatsa ka goge wurin har ramukan allura su rufe, sannan guga ta bi ta kai. Wanda ya yi gaggawa ya huda riga, shi zai sa ta ya yi sallah da ita. Daga wannan aikin na samo laƙabina.

Bayan reza sai duba. Riga wuri huɗu take ɓoye tsufanta: wuya, hammata, bakin aljihu da zif. Wando kuwa hantsa za ka fara ɗagawa sama ka duba da hasken rana. Hanci ma kayan aiki ne, domin dilar da ruwa ya taɓa a jirgi tun kafin a yanke igiya take ba da labarin kanta. Sai kuma ashana, wadda na ga ba ɗayanku da ke yawo da ita. Zare ɗaya za ka zaro daga cikin kalmasa ka ƙyasta masa. Auduga ci take ta bar toka mai laushi. Ulu ƙaurin babbakar kan akuya yake yi. Leda kuwa dunƙulewa take ta ɗiga kamar ƙaro. Ba don wasa ake yi ba. Mai shayi da mai tsire da maƙeri duk a bakin wuta suke yini, in ka sayar musu da rigar leda ka ɗaura musu masifa a jiki. Mutum ya shigo rumfarka, kafin ka tambayi nawa ya zo da shi, tambayi me yake yi.

Da wannan na san mutanena. Manoman 'Yandoto da Wanke wando mai kauri suke so wanda ƙaya ba ta yagawa, launi bai dame su ba. Fulani doguwar kwat mai aljihuna da yawa. 'Yan acaɓa duk abin da ke da tambari da ƙyalli. Ranar kasuwar Tsafe in ɗaure ƙunshi in tafi, ranar ta Bungudu ma haka, sauran kwanaki ina rumfata a Gusau, wadda na kama bayan rasuwar Alhaji. Rumfar ba wata babba ba ce, mutum biyu in sun shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace, amma duk ƙusar da ke jikinta ni na kafa ta.

Wata dila ta kayan ma'aikata da na fasa da farkon bazara, cikinta na tsinci wata farar riga gajeriya da wandonta, naɗe cikin leda. Fari ne ƙal, yadin yana da santsi da ɗan ƙyalli, ga nauyi kaɗan. Wandon yana da aljihuna a ƙwauri, inda mai hankali ba zai ajiye kuɗi ba. Rigar kuma an yi mata wasu ƙofofi masu murfi a gaba, kamar za a zura tiyo. A ƙirji ga suna, ga wani tambari zagayayye, a kafaɗa ga tutar wata ƙasa. Na zaro zare da ƙyar, na ƙyasta ashana. Ashana ta cinye har ta lashi yatsana, zare yana nan yadda yake. Na sake, na kuma sakewa. Maƙwabcina mai takalma ya leƙo ya tambaya ko taba na fara sha da tsufana.

Na yi mata abin da ake yi wa kowace riga. Na farke sunan na jefa cikin dutsen guga. Tuta da tambari na cire su na toshe hujin wata rigar jins da su, wani ɗan acaɓa ya saye ta a ranar, ya yi gaba, ban sake ganinsa ba. Da yamma na zo zubar da toka sai ga ƙyallen sunan kwance a ciki, rubutun ya tafi, yadin kuwa ko gefensa bai ci ba. Dutsen gugana irin na da ne, mai ɗan zakaran ƙarfe a gaba wanda da shi ake kulle murfi, kuma kullum sai ya ƙona ni in zan ƙara gawayi. Na naɗe zakaran da ƙyallen nan na ɗaure da waya. Daga ranar yatsuna suka huta.

Ita rigar kuwa ta zame mini kwantai. Farin kaya ba ya tafiya a ƙauye, sai na kai ta wurin mai rini ya mayar da ita shuɗiya. Ta kwana a tukunya ta fito fara yadda ta shiga, kuma bai fasa karɓar ladansa ba, wai shi ya yi aikinsa, rigar ce ba ta yi nata ba. Guga zamewa take a kanta. Wanda duk ya gwada sai ya ce tana ƙaiƙayi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina yawo da ita kasuwa kasuwa kamar 'yar rakiya.

A kasuwar Bungudu na rabu da ita. Wani Bafulatani dogo, Malam Buba, daga wata ruga ta wajen Rawayya, ya tsuguna gaban tamfol ɗina yana juya manyan riguna. 'Yan shanunsa ba su da yawa, yana ɗan noma, amma abin da aka san shi da shi zuma ne. Yana da amya, wato gidan ƙudan zuma na saƙar ciyawa, rataye bisa itatuwan gawo da ɗorawa. Da ya miƙa hannu sai na ga tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta tattare tana sheƙi. Na tambaye shi sana'a, ya faɗa. Na tambayi hannun.

"Riga ta," ya ce. "Kana bisa icce, hannu guda ga reshe, guda ga bakin wuta kana koran ƙudan, iska ya juyo. In riga ta kama, da wane hannu zaka kashe ta? Sai da nis sabko ƙasa."

Na jawo farar rigar daga ƙasan kaya, na ƙyasta ashana na kanga a hannunta har ta mutu. Na kakkaɓe baƙin hayaƙin da yatsa. Malam Buba ya duƙa ya duba wurin.

"Sake."

Na sake. Ya je wurin mai tsire da kansa ya aro garwashi a murfin kwano, ya ɗora a kan wandon, ya zauna yana kallo har garwashin ya huce. Duk da haka sai da ya taya ta tayin wulaƙanci, na ce albarka, ya tashi kamar zai tafi, ya dawo, domin ciniki ba ja-in-ja ai rainin juna ne. Daga ƙarshe na ce na sallama. Kalmar nan ku riƙe ta da kyau. A sana'armu in ka ce ka sallama, riga ta fita daga hannunka har abada, ko da an gano zinariya a aljihunta. Shekaru suka yi ta tafiya, duk sa'ad da muka haɗu a Bungudu sai ya ce rigar tana gaishe ni, wani lokaci da kwalbar zuma a hannunsa.

Sai shekarar wahala ta zo. Ba sai na tsaya ba ku labarinta ba, kuna nan aka yi. Hanya ta lalace saboda rashin tsaro, kasuwannin ƙauye suka daina ci, wanda zai sayi wando yana neman inda zai kwana. Kafin a farfaɗo kuɗin dila ya yi tashin gwauron zabo. Na koma sayen rabin dila, daga nan na koma tsintar ragowar wasu. Hangogin rataya suka fi kaya yawa a rumfa. Mai rumfar mutumin kirki ne, ya yi haƙuri har haƙuri ya gaji, sannan ya zo ya zauna ya yi ta gaisuwa mai tsawo, ya ce akwai wani mai cajin waya da ke son wurin, in ban iya ba zuwa bayan babbar sallah in ba da makulli.

Abin da muka ci a shekarar, 'yata Balkisu ce ta kawo shi, ba zan ɓoye ba. Tana aure a nan Gusau, takan zo ta zaɓi masu kyau ta ɗauki hoto ta sa a waya, matan ma'aikata su saya ba tare da sun tako kasuwa ba. Na yi mata dariya da farko, daga baya na daina. Wata rana da hantsi tana zaune a bencin rumfa sai ta miƙo mini wayar.

"Baba, dubi tsohuwar rigar da Turawa ke rububi a kai. Wai irin wadda 'yan sama jannati na farko suka sa cikin kumbo lokacin da suka tafi duniyar wata. Masu kuɗi ke taruwa suna tayi, wanda ya fi tayi ya kai gida ya sa cikin gilashi. Ba sa ko sawa."

Na karɓa na nisanta da idona. Na ce mata na taɓa sayar da irinta.

"Kai Baba."

"Wandon na da aljihu ga ƙwabri. Rini bai kama ta, wuta ba ta cin ta, kuma tana ƙaiƙayi."

Ta karɓe wayar ta yi ta karatu, ta daina dariya. Kafin la'asar ta samo wani mutum a Legas wanda sana'arsa ke nan, nemo wa masu irin wannan sha'awa tsofaffin kaya. Da Turanci suke magana tana juya mini. Tambayarsa ta farko, akwai suna a ƙirji? Na ce akwai, na farke. Tuta da tambari fa? Na ce suna bayan wani ɗan acaɓa, in yana da rai. To ina ƙyallen sunan? Na tashi na ɗauko dutsen guga na nuna wa Balkisu zakara. Ta duba gaba, ta duba baya, ta kankara da farce. Baƙi ƙirin, ko ɗigo ɗaya na rubutu babu.

"Baba, ka san abin da ka ƙona?"

"Suna. Shi nika ƙonawa tun ba a haife ki ba."

A nan na gane mu da mutanen can sana'a ɗaya muke yi, sai dai mun ba juna baya. Mu muna goge wanda ya sa riga don ta sayu, su kuwa wanda ya sa ta suke saye, yadin kyauta ne. Mutumin Legas ya ce an yi babbar asara, amma in yadin na gaske ne, ko ba suna zai saya. Abin da ya ambata ya isa in biya mai rumfa in cika ta da kaya har rufi. Ko rigar ta je wata, ko ta tsaya a hanya, ko wani tela ne ya kwaikwaya, Allah ne masani. Ni dai na san rumfata ce aka ajiye mini a gabana.

Balkisu ta kawo shawara. Akwai sabuwar rigar masu zuma da ake sayarwa a shagon kayan noma, mai raga a fuska. A saya a kai wa Malam Buba a matsayin kyauta, a ce ya ba mu tsohuwar, ba sai an yi dogon bayani ba. Na ce rigar a saya, amma bayani sai na yi. Mutumin da ya yarda da ashanata ba zan je gidansa da rabin magana ba. Ta ce to, da irin muryar da uwarta ke cewa to.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi muka shiga mota zuwa Bungudu, muka hau babur zuwa rugar. Malam Buba ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa, ɗansa Sale, magidanci mai 'ya'ya, shi ya gaji amyoyin da rigar. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka kawo nono. Na faɗa masa komai, har abin da mutumin ya taya. Ya saurara yana taunar asuwaki.

"Wata? Wanga na sama da muka duba da azumi?"

"Shi."

"Akwai zuma can?"

"Ba a ce ba."

"To mi ya kai shi?"

Bai jira amsa ba, ya ce a ɗauko ta. Sale ya fito da rigar. Ta koma launin gindin tukunya, ga kakin zuma ya daskare a gwiwoyi, tana ƙamshin hayaƙi. Matar Malam Buba ta ɗinka mata hula da guntun gidan sauro, ta kuma datse ƙafar wandon don kada ya sarƙe a reshe. Amma ko huji ɗaya na wuta babu. Balkisu ta ɗauki hoto ta tura, mutumin ya kira nan take. Ya ce a tambayi masu ita ko sun san wanda ya sa ta.

"Ni," in ji Malam Buba. "Sai Sale."

Mutumin ya sake tambaya, an taɓa wanke ta?

"Yo ƙazamai muke? Duk ƙarshen ɗiba sai an wanke ta da toka."

Muna jin mutumin ya ja dogon numfashi ta cikin waya. Duk da haka ya ce yana so, a kawo. Balkisu ta buɗe sabuwar rigar, fara sol, ta shimfiɗa. Malam Buba ya yaba ƙwarai, ya sa albarka, sannan ya aiki Sale ya ɗebo garwashi a madafa. Garwashin bai ko zauna ba hannun rigar ya tattare ya bar rami.

"Garba," ya ce, "ba ni hana ka arziki. Samo muna wadda wuta ba ta ci, ka ɗauki wagga."

Magana ce ta gaskiya, na karɓa. Na dawo Gusau na bi duk wanda ya fasa dila ina roƙon zare. Ashanar da na ƙone a watannin nan ta isa mai shayi ya yi shekara. Balkisu ta samo tsohuwar kwat ta masu kashe gobara, muka aika. Saƙo ya dawo cewa Sale ya kai reshen farko ya sauko, wai kamar ya goya ɗan maraƙi. Sallah ta zo ta wuce. Na fara cire ƙusoshina daga bango.

Ana saura 'yan kwanaki in ba da makulli, da hantsi, ina guga Balkisu tana ninke ragowar kaya, sai ga Malam Buba da sandarsa da ƙullin buhu. Mutumin da Bungudu ce iyakarsa ya shigo mota har Gusau. Ya ajiye buhun a kan teburin guga.

"Na ji zaka barin rumhwa. Ga ta."

"Ba mu samu wata ba, Malam Buba."

"Na sani."

"Ɗibar zuma ta kusa. Sale fa?"

"Shi hau yadda nih hau da. Allah na tsarewa."

Ya faɗi haka yana gyara riƙon sanda, hannun rigarsa ya zame, tabon nan yana nan yadda na fara ganinsa. Na zazzage buhun. Hannu ya saba, sai na ga ina duba wuya, hammata, bakin aljihu, zif. Zan gaya muku gaskiya, tunda nake ban taɓa son riga kamar yadda na so wannan a wannan hantsin ba. Mai ita ya kawo da kansa, ba ƙarya, ba zamba, ba wanda zai zage ni a kasuwa. Zif ɗin ya ɗan saki, na matse shi da filaya don in sami abin yi da hannuna.

A ƙirji na ga ramukan allura suna nan a jere. Yadin nan ko farce bai taɓa rufe raminsa ba. Na tsaya ina kallonsu. Na san halina, in rigar nan ta kwana a rumfa ba suna, da safe tana motar Legas. Na kwance wayar da ke jikin zakaran dutsen guga, na warware ƙyallen, na wanke shi da sabulu har ya yi fari-fari. Na miƙa wa Balkisu tare da biro, na ce ta rubuta mini Buba da manyan baƙaƙe.

"Baba, rumfa."

"Na sani."

"Baba, ba za ka sake samun irin wannan ba har ka mutu."

"Shi ma Sale hannu biyu gare shi, ba a sake mai wasu. Rubuta."

Idonta ya kawo ruwa, haushi ne ba tausayi ba. Sannan ta danne ƙyallen a gwiwarta ta rubuta, har biron yana neman huda shi. Na bi rubutun da baƙin zare, na ɗora ƙyallen a mazauninsa, allura ta bi tsofaffin ramuka ɗaya bayan ɗaya. Na ninke rigar na mayar cikin buhu.

"Mi an nan kuma?" in ji Malam Buba.

"Sunanka na. Riga mai suna ba ta sayuwa, haka anka koya man. Na sallama maka ita tun Bungudu, ba ni sayen abin da nis saida. Zaren na auduga na, in ya ƙone Sale shi kawo in sake."

Ya yi ta faɗa, ya ce na mayar da shi ƙaramin mutum, ya biya kuɗin mota a banza. Na ce kuɗin motar ma shi ya jawo wa kansa. Ya sha ruwa, ya ɗauki buhunsa ya tafi yana mita har bakin layi. Duk tsawon sana'ata sunaye nake cirewa, wannan kaɗai na taɓa ɗinkawa.

Makulli na ba da shi a ranar da aka yi. Mai caji ya shafa wa rumfar shuɗin fenti, an ce ta yi kyau, ni dai ba na bi ta layin. Na koma inda na fara, tamfol a ƙasa, ranar Tsafe ina Tsafe, ranar Bungudu ina Bungudu, ga ku nan kuna gani. Balkisu ta yi wata da watanni gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, yanzu ta sauko, sai dai duk sa'ad da ta ga na ɗauki reza sai ta ce in bari ta karanta tukuna. Zakaran dutsen guga ya koma ƙona ni, na gwada tsumma iri-iri duk ci suke.

Kasuwar Bungudu da ta wuce Sale ya zo saya wa ɗansa wando. Ya tsuguna a gaban tamfol, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu yana tona kaya. Ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sake cewa albarka, don dai ya daɗe a tsugune. Na duba na dama, na duba na hagu. Harbin zuma kam ga shi nan birjik, wannan gadonsu ne. Tabon wuta babu ko ɗaya.